Ƙugun Zaki da ƙugun Duna: yadda ta kaya da kwikwiyo biyu 'yan ciki ɗaya a Jos

Ba ciwo ne ya kawo Zaki asibitinmu na dabbobi ba. Allurar rigakafi ta uku aka kawo shi, yana da mako 15 a duniya. Kwikwiyon karen Jamus ne, irin da mutanen Jos suka fi sani da Alseshan. Mai shi wani Alhaji ne da ke da gonar kaji a bayan Bukuru ta hanyar Vom, ɓarayi sun ishe shi da haura katanga suna kwasar ƙwai kiret-kiret. Guda biyu ya saya 'yan ciki ɗaya a wajen wani mai kiwon karnuka, ya riƙe Zaki don gadin gona, ya aika wa ƙaninsa da ke Abuja ɗayan, wanda yara suka sa wa suna Duna saboda duhun bayansa.

Baba maigadi ne ya sauko da shi daga bayan mota. Tsohon mafarauci ne, ya san kare tun kafin a haife ni. Ina tsaye a ƙofa na ga kwikwiyon ya ratso tsakar asibitin, bayansa yana rangaji dama da hagu fiye da kima. Da ya zauna bai tattara ƙafafu ƙarƙashinsa ba, sai ya zube su gefe guda kamar wanda ya gaji da tafiya. Muka ɗora shi a sikeli, kilo 19. Na shafa haƙarƙarinsa, sai da na danna sosai kafin na ji ƙashi.

"Likita, kun ga yadda ya murje?" in ji Alhaji, yana murmushi. "Ba a yi masa rowa."

Na tambayi abin da yake ci. Fasasshen ƙwai kullum, kai da ƙafar kaza, ragowar tuwo da taliya, kwanon ba ya taɓa zama wayam. Sannan yaron gona yana barbaɗa masa garin ƙashin da ake haɗa wa kaji masu ƙwai, wai don ƙashinsa ya yi ƙarfi. Niyya mai kyau ce, amma hanjin kwikwiyo ɗan ƙasa da wata 6 ba ya iya tace yawan kalsiyam, sinadarin da ke cikin garin ƙashin, duk abin da aka ba shi sai ya zuƙe, yawan kuma yana dagula ginin ƙashi maimakon ya gyara.

Abin da nake zargi shi ne sakwarkwacewar gaɓar ƙugu. Gaɓar nan turmi ne da taɓarya: kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin kwankwaso, jijiyoyi da tsoka suna riƙe da shi. Kwikwiyon da ya gaji wannan matsala da lafiyayyen ƙugu ake haifarsa. A makonnin farko ne riƙon ke yin sako-sako, taɓaryar ta riƙa zamewa tana dukan bakin turmin maimakon tsakiyarsa. Ƙashin yaro kuwa yana bin inda nauyi ya danna shi ne, don haka gurbin sai ya tashi ba zurfi, kan ƙashin ya baje, guringuntsin da ke tsakaninsu ya cinye, daga nan amosanin gaɓa ya shiga. Asalin abin gado ne, kuma ba ƙwayar gado ɗaya ba ce, da yawa ne suke haɗuwa, shi ya sa uwa da uba masu tafiya garau suke iya haifar mai ita. Manyan karnuka ta fi kamawa: karen Jamus, Rotwaila, Labrado, da Bowabul na Afirka ta Kudu da ake ta yayinsa yanzu. Karnukanmu na gida, irin na farauta, marasa nauyi, ban cika ganinta a jikinsu ba.

Ƙiba ba ta haifar da ita, amma tana hura mata wuta. A Amurka an taɓa bin karnukan Labrado 48 tsawon rayuwarsu, an haɗa su biyu-biyu 'yan ciki ɗaya, ana ba ɗaya abincin da ya gaza na ɗan'uwansa da kashi 25 cikin 100. Da suka kai shekara 2, hoton ƙashi ya nuna matsalar a 16 cikin 24 na masu ci su ƙoshi, a waɗanda aka rage wa kuwa 7 ne kawai cikin 24. Na faɗa wa Alhaji wannan. Bai ji daɗi ba, don a wajensa kare mai gadi sai ya cika ido.

Na roƙe shi ya bar mana kwikwiyon zuwa la'asar. Ba a iya gwada wannan gaɓa kare yana farke, yana ɗaure tsoka ya ɓoye sakin. Muka yi masa allurar barci mai sauƙi, na kwantar da shi, na kama gwiwarsa na tura ƙashin cinyar sama zuwa wajen ƙugu, sannan na buɗe ƙafar waje sannu a hankali. A ƙugu mai lafiya ba abin da za ka ji. A na Zaki, tafin hannuna ya ji wani ƙwas, kan ƙashin da ya zame ya koma gurbinsa. Dama da hagu duka, hagu ya fi. Wannan gwaji sunan wani likitan yara ɗan Italiya yake ɗauke da shi, Marino Ortolani, wanda ya bayyana shi a 1937 don jariran mutane, likitocin dabbobi suka aro. Na kira Baba na ɗora hannunsa a kan ƙugun na sake yi. Ya janye hannu da sauri.

"Gocewa ce ke nan, Likita? In gocewa ce akwai mai ɗori a unguwarmu, hannunsa na da kyau."

"Baba, ai ba faɗuwa ya yi ba balle a mayar. Turmin ne bai yi zurfi ba. Ko an mayar yau, gobe zai sake fita."

Hoton ƙashi ya nuna kan ƙashin bai shige ciki yadda ya kamata ba, amma gefunan gurbin sumul suke, amosani bai fara ba. Akwai hanyar auna sakin da lamba, PennHIP, wadda Dakta Gail Smith na Jami'ar Fensilbaniya ya ƙirƙiro, ana iya yinta tun kwikwiyo na da mako 16. Ana sa wata na'ura tsakanin cinyoyi a ɗan ɓamɓaro gaɓar a ɗauki hoto, a fitar da lamba tsakanin 0 da 1: ƙasa da 0.3 ƙugu ne matsattse, sama da 0.7 kuwa ya saki ƙwarai. Ba mu da na'urar. Da hannu da hoto na yau da kullum na yanke cewa sakin Zaki matsakaici ne, kuma wannan hukunci nawa ne, wani likitan zai iya ganinsa dabam.

Matsakaicin saki a mako 15 shi ne daidai inda wata ƙaramar tiyata take da amfani, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da JPS. Kwankwaso kamar zobe yake, ɓari biyu ne da suka haɗu a ƙasan mara, kuma a mahaɗar akwai guringuntsin da ƙashin ke girma ta wajensa. In aka ƙona wannan guringuntsi, ƙasan zoben ya daina girma, saman kuma ya ci gaba. Da tafiya ta yi tafiya sai gurbin kowane ɓangare ya juyo ya kifo kan ƙashin cinya, kamar an gyara wa mutum zaman hula. Ba a yanka ƙashi, ba a sa ƙarfe. Girman kwikwiyon da kansa ne ke yin aikin, kuma nan gizo ke saƙar: in girman ya riga ya yi nisa, babu sauran abin da zai juya gurbin. Daga mako 12 zuwa 16 ya fi kyau, bayan mako 20 kusan aikin banza ne. A ƙugun da ya saki ƙwarai ma ba ta cika wadatarwa ba.

Wahalar ita ce shawo kan mai kare. Kana ce wa mutum a yanka dabbar da ke tsalle-tsalle a gabansa, ba ɗingishi ba kuka, saboda ciwon da bai zo ba tukuna. Alhaji ya dube ni irin kallon da ake yi wa bakaniken da aka kai wa mota canjin mai ya ce sai an sauke inji. Ban ga laifinsa ba. Na ce masa gaskiyar abin: ba zan rantse cewa in an bar shi zai gurgunce ba, akwai karnukan da ke rayuwa da sakin ƙugu ba tare da damuwa mai yawa ba, amma in ya lalace nan gaba, duk abin da ya rage ya fi wannan tsada da wahala nesa ba kusa ba, kuma mako uku zuwa huɗu kawai muke da su. Ya ce zai yi shawara. Baba ne ya ƙarasa mini aikin a hanyar komawa, kamar yadda na ji daga baya. Ce masa ya yi, ranka ya daɗe, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ni na ji abin nan da hannuna.

Bayan kwana 5 muka yi. Mun tayar da janareta tun kafin a fara, don ba a sa na'urar ƙuna a jikin dabba a dogara da wutar gari. Yanka ɗan ƙarami ne a ƙasan mara, bai kai tsawon yatsa ba. Abin tsoro a nan shi ne mafitsara da hanyar fitsari da dubura, duk suna kwance a bayan ƙashin, zafi kuwa ba ya tambaya. Muka sa robar fitsari don mu san inda hanyar take, mataimakina ya kare kayan ciki, ni kuma na riƙa soka bakin na'urar cikin guringuntsin, wuri bayan wuri, tazarar milimita 2 zuwa 3, 'yan daƙiƙu a kowane wuri, har na gama rabin gaba na mahaɗar. Washegari ya koma gona yana kaɗa wutsiya. Umarnin da na bayar bai da yawa: mako 2 a igiya ba guje-guje, a cire zare bayan kwana 10, a daina garin ƙashi, a auna abinci da kofi sau uku a rana a ɗauke kwano, kuma kada a bar shi yana zamewa a kan siminti mai santsi.

Inda muka yi ja-in-ja shi ne fiɗiya. Tiyatar tana gyara ƙugun kare, ba ta taɓa abin da zai gadar wa 'ya'yansa. Karen da aka yi wa ita zai tashi da tafiya mai kyau, mai saye ya gani ya yaba, a kai masa karya, a haifi wasu masu irin matsalar. Saboda haka likitoci da yawa suke fiɗiye kwikwiyon a rana ɗaya da aikin. Sai dai binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis ya nuna cewa fiɗiye karen Jamus kafin ya cika shekara yana ƙara masa haɗarin ciwon gaɓoɓi. Na zaɓi jinkirtawa, bisa alkawarin Alhaji cewa ba za a haɗa shi da kowace karya ba. Na san alkawari ne mai wuyar riƙewa a garin nan. Sanyin Jos ya sa kiwon karnukan waje ya zama sana'a, ana ɗibar kwikwiyoyi zuwa Abuja da Legas, namiji mai kyan gani kuma kuɗi ne a tsaye.

Akwai kuskure guda da yake nawa. Ranar da aka sallami Zaki na ce wa Alhaji ya gaya wa ƙaninsa a kai ɗayan a duba shi cikin makon nan. Na faɗa sau ɗaya, a tsaye, yana ƙoƙarin shiga mota. Ban karɓi lambar ƙanin ba, ban rubuta takarda ba, ban sake tambaya ba. Saƙon ya isa Abuja a matsayin "likita ya ce a riƙa lura da ƙafarsa".

Duna ya zo mana yana da wata 11, kilo 38. A gidan bene ya tashi, tayil tun daga falo har tsakar gida, yara suna wasa da shi hawa da sauka. Tun yana wata 7 aka ga yana haɗa ƙafafun baya yana tsallen zomo in zai yi gudu, aka ɗauka wasa ne. Daga baya ya fara nauyin tashi da safe, ya daina hawa matakala. Wani ya ba da shawarar diklofenak, irin wanda mutane ke sha don ciwon baya. Kwana 4 ana ba shi sai amai, kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta, alamar ciki na zubar da jini. Diklofenak da ibuprofen suna huda cikin kare su taɓa ƙoda, ba maganinsa ba ne ko kaɗan. Wani asibiti a Abuja ya tsayar da jinin, sannan ƙanin Alhaji ya sa aka kawo shi gona, ya ce shi kam ya gaji.

Kallo ɗaya za ka ga kafaɗunsa sun cika, cinyoyinsa sun tsotse, don ya daɗe yana jefa nauyinsa gaba. Duk da haka ban tsaya a kan ƙugu kai tsaye ba. Na duba gwiwa ko jijiyar ciki ta tsinke, na matsa dogayen ƙasusuwa saboda wani ciwon ƙashi mai yawo daga ƙafa zuwa ƙafa da ke kama matasan karnukan Jamus, muka duba jini saboda cututtukan kaska. Duk babu. Da na miƙe ƙafar dama baya sai ya yi ƙara ya juyo da baki. Ƙarƙashin allurar barci kuma babu ƙwas ɗin nan irin na Zaki, sai gurzar ƙashi da ƙashi. Rashin ƙwas a nan ba albishir ba ne: gurbin ya cike, babu inda kan ƙashin zai koma. Hoto ya tabbatar. Dama ta baje, ƙashi ya tsiro a gefuna, hagu ma ta fara amma da sauƙi.

Da an kawo shi tsakanin wata 5 zuwa 8, kafin amosani, da akwai tiyata ta biyu: a yanka ƙashin kwankwaso wuri biyu ko uku, a juya gurbin da hannu kamar digiri 20 zuwa 30, a ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi. Babban aiki ne, amma yana ceton gaɓar. Wannan ƙofa ta rufe. Sauya gaɓar gaba ɗaya da ta ƙarfe da roba ita ce ta fi maido da kare daidai, sai dai tana son ƙwararre da kayan da asibiti irin namu ba ya ajiyewa, kuɗinta kuma da Alhaji ya ji kimarsa dariya kawai ya yi. Yankin nan ba ya rasa likitocin dabbobi, cibiyar bincike ta Vom tana nan tun 1924, amma shanu da kaji da alluran rigakafi ne suka gina sunanmu. Ƙugun kare sabon fage ne.

Muka fara da abin da ba wuƙa. Bayan cikinsa ya warke muka sa shi kan meloksikam, maganin zafi da kumburi, da awon da ya dace da kare, aka rage abinci, tafiya a igiya safe da yamma. Cikin mako 8 ya sauko kilo 33, hagu ta lafa, dama ta ƙi. Sai muka yanke shawarar cire kan ƙashin cinyar dama tare da wuyansa. In babu kan, babu gurza. Tsoka da tabon da ke cike wurin su ne suke zama gaɓar wucin gadi. Na gaya wa Alhaji tun farko cewa wannan aiki ya fi kyau a kare mai ƙasa da kilo 20, a babba kamar Duna zafin zai tafi amma ƙafar za ta ɗan gajarta, ƙarfinta kuma ba zai kai na asali ba.

Aikin ya tafi lafiya. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin maganin, kuma ba ni na yi shi ba. Bayan wannan tiyata ba a son hutu mai tsawo, so ake kare ya taka ƙafar da wuri, in ba haka ba tabon ya ƙage. Na nuna wa Baba yadda zai kwantar da shi ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe ta a hankali, sau 20, sau uku a rana, bayan ya gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Ya ce ai haka suke yi wa karen da gwanki ya tokara. Kwana 9 Duna ya fara dangwala yatsu a ƙasa. A mako na uku Baba ya fara hawa da shi wani tudu da ke bayan gona, a hankali, don hawa yana tilasta wa kare ya tura da ƙafar baya. Ina auna kaurin cinyar da tef ɗin tela duk zuwa. Bayan wata 3 bambancinta da hagu ya ragu daga santimita 5 zuwa 2, kuma nan ya tsaya.

Zaki kuwa mun sake ɗaukar hotonsa yana da shekara ɗaya. Gurbin ya rufe kan ƙashin da kyau a dama, a hagu da ɗan saura, babu alamar amosani, ƙwas ɗin ya ɓace a dama. Kilo 31 yake, ba ƙiba, ana ganin kwiɓinsa ya shiga in an dube shi ta sama. Ba zan ce tiyatar ce kaɗai ta yi wannan ba. An rage masa abinci tun yana mako 16, a ƙasa ya tashi ba a tayil ba, kuma ban taɓa gwada Duna yana ƙarami ba balle in san ko sakinsu ɗaya ne tun farko. Kare biyu ba sa zama hujja. Abin da na canza a aikina dai shi ne, duk kwikwiyon babban kare da ya zo allurar mako 14 zuwa 16, sai na sa an zaga da shi tsakar gida ina kallo kafin in taɓa sirinji, in kuma yana da 'yan'uwa a wasu gidaje, ni nake kiran masu su da kaina.

An fiɗiye su duka biyun a wata na 15, bayan Alhaji ya mayar da mutum biyu da suka zo neman a haɗa musu da Zaki. Mai kiwon da ya sayar da su na aika masa hotunan ta hannun Alhaji, ya ce karnukansa ba su da komai, uwar kuma ta sake haihuwa.

Duna bai koma Abuja ba. Shi ke kwana a bakin ɗakin ƙwai, Zaki yana zagaya katanga. Baba ya shimfiɗa masa buhuna da tsohon bargo, ya ce in sanyin asuba ya sauko yakan ɗan jima kafin ya miƙe, kuma a 'yan kwanakin nan ƙafar hagu yake tausayawa. Mun sa ranar sake ɗaukar hotonta a farkon Nuwamba, kafin hunturu ya kankama.